Takobin da Ba Naka Ba: Dragon Quest V a Bakin Kogin Rahad

Wayar daga Jidda ta zo, cikin tsarabar wani ɗan baffana da ke aiki a can. Ta ɗan sha jiki, gilashinta da tsaga a kusurwa, kuma bai tsaya goge abin da ke cikinta ba. Cikin tarkacen da ya bar min akwai wani gem mai suna Dragon Quest V. Na yi watanni ban ko kalle shi ba. Sai a farkon Fabrairun 2024, da layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan, wayar kowa ta koma tocila da agogo, ba saƙo, ba kira, ba labarin 'yan'uwan da yaƙi ya watsa, sannan na buɗe shi don in rage dare. Shi dai ba ya neman intanet. Caji kawai yake so, wannan kuwa akwai masu sola a kasuwa.

Abin da ya fara riƙe ni shigar yaron ce. Ɗan shekara shida ne, da rawani shunayya da mayafi a kafaɗa, yana bin bayan mahaifinsa daga jirgin ruwa zuwa tudu. Da ya girma ma rawanin bai sauka ba, sai sanda da ta ƙaru a hannunsa. Na ce a raina, wannan ai fatake ne, ko almajiri mai tafiya gabas. Da na nuna wa kakata, sai ta kawo wayar daf da idonta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ɗan waye? Ina za su?" Ban san amsar ba a lokacin. Sai da na ƙone dare sama da talatin kafin in sani.

Wanda ya saba da gidajen gem na Kano ko na Gadarif ya san abin da ake bugawa: ƙwallo, dambe, tseren mota. A waya kuma samarinmu PUBG suka sani, sai Ludo. Duk wasannin saurin yatsa ne, ka ci ko a cinye ka cikin minti goma, a tashi a ba na baya wuri. Irin wannan da Japanawa suka ƙware a kai wani abu ne dabam. Kai ne kake zama mutumin da ke cikin labarin. Ka shiga gari, ka gaisa da mutane ɗaya bayan ɗaya, ka ji abin da ke damunsu, ka sayi makami da magani, ka kama hanya. Idan dodo ya tare ka ba a kokawa da yatsa: jerin zaɓi ne zai fito, ko ka kai sara, ko ka yi siddabaru, ko ka sha magani, ko ka ari ta kare. Ka yi naka, dodo ya yi nasa, bi da bi kamar dara. Kana iya ajiye wayar a tsakiyar faɗa ka je ka yi sallah ka dawo, dodon yana nan yana jiranka cikin ladabi.

Tushen wannan salo a Japan shi ne Dragon Quest na farko, wanda kamfanin Enix ya fitar a 1986 a kan na'urar Famicom ta Nintendo. Mutum uku ne ginshiƙansa: Yuji Horii mai tsara wasan da labarinsa, Koichi Sugiyama mai kiɗa, da Akira Toriyama mai zane. Horii ya ga wasannin kwamfuta na Amurka irin su Wizardry da Ultima, masu wuyar sha'ani, ya sassauta su yadda yaro ma zai iya. Abin ya karɓu har ta kai ranar da na uku ya fito a 1988, ɗalibai suka yi ta gudun makaranta suna bin layin saye. Toriyama kuwa ba baƙo ba ne a gidajenmu, ko da ba mu san sunansa ba. Shi ne mai Dragon Ball. Duk yaron Sudan da ya tashi yana kallon Spacetoon ya san irin gashin nan mai tsini, kuma wanda ya kalli Dai al-Shuja da Larabci ya riga ya leƙa duniyar Dragon Quest bai sani ba, domin daga cikinta aka ciro shi. Ina tsakiyar wasan nan Toriyama ya mutu, ranar 1 ga Maris 2024, amma labarin bai iso ni ba sai daga baya.

Na biyar ɗin, wanda nake magana a kai, ya fito a Satumbar 1992. Sama da shekara goma sha shida ya yi ba a fassara shi zuwa Turanci a hukumance ba, sai a 2009 a kan Nintendo DS, sannan ya sauko wayoyin hannu a farkon 2015. Wato ya girmi yawancin masu buga gem a garinmu, kuma tsufan ya nuna. Mutanen ciki 'yan gajeru ne kamar 'yar tsana, ba mai magana da murya, komai karantawa ake yi.

Wanda ke da niyyar bugawa ya yi haƙuri, zan tona labarin, don ba yadda za a yi in faɗi abin da ya same ni ban tona ba.

Mahaifin yaron, Pankraz, ƙato ne mai gashin baki. Yayin da kake ƙarami, shi ke gaba kana biye. Dodo ya fito, kafin ka ɗaga 'yar sandarka ya gama da shi, sannan ya juyo ya warkar maka da ɗan raunin da ka ji, ko da ƙwarzane ne. Ba a gaya maka cewa uba garkuwa ne ba, a yatsunka kake ji. Ba ka san inda za ku ba, ba ka san abin da yake nema ba, kai dai ka san muddin yana gaba ba abin da zai taɓa ka. Sai ranar da wani mugun malamin tsafi mai suna Ladja ya ɗora maka makami a wuya. Uban da ba a taɓa kayarwa ba ya sauke hannunsa, ya tsaya ana dukansa. Wasan bai ɗauke ka daga wurin ba. A filin faɗa aka nuna abin, irin wanda ka saba, kana kallon lambar ransa tana raguwa, ba maɓallin da za ka danna. Kafin ya cika ya gaya maka mahaifiyarka tana da rai, ka nemo ta.

Daga nan shekara goma kana bauta, kana fasa dutse a ginin wani ɗakin tsafi a ƙololuwar tsauni, har ka tsere a cikin gangar da ake jefar da gawarwakin bayi. Ka koma ƙauyenku ka tarar an ƙone shi. A cikin wani kogo ka sami wasiƙar mahaifinka da wani takobi. Abin da ya yi ta yawo a kai ke nan: takobin na wani jarumi ne da aka yi alkawarin zuwansa, shi kaɗai zai iya buɗe hanyar inda aka tsare matarsa. Ya samo takobin, bai samo mai shi ba. Kai kuma, da ka saba da tatsuniya, ka san yadda ake yi: ai ni ne. Na shiga jerin kaya na zaɓi takobin don in rataya. Wasan ya ƙi. Na sake gwadawa, ya ƙi. Haka na ci gaba da yawo da shi a jaka, gari bayan gari, kamar ajiyar wani.

A nan ne na ajiye wayar a kan ƙirjina, ina kwance a gadon angarib a tsakar gida, na tuna da kakan mahaifina.

Mu Hausawan Sudan, da Fulani da Barebari da ake haɗa mu a kira Fallata ko Takari, yawancinmu 'ya'yan hanya ne. Wasu kakanninsu sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu kuma, da yawa, niyyar Hajji ce ta fito da su. Daga Kano ko Katsina ko Damagaram a bi ta Borno, a ratsa Wadai, a shiga Darfur, a sauka Kurdufan, a ƙafa ko a kan jaki. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun mutanenmu ya yi aiki sosai a ciki. Layin dogon da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1920 daga Sinnar zuwa Gadarif da Kasala ya bi ta garinmu Hawata, ga kogin Rahad mai kifi da lambu, ga baƙar ƙasa mai ba da dawa da riɗi. Mutum ya ce bari in tara kuɗin jirgin Sawakin. Ya yi aure. Aka haihu. Aka yi jika. Wani masani, C. Bawa Yamba, ya rubuta littafi a kan wannan a 1995 mai suna Permanent Pilgrims, inda ya nuna yadda jikoki da tattaɓa kunnen da aka haifa a Sudan suke ɗaukar kansu har yanzu a matsayin matafiya da ke kan hanyar Makka. Ni ban buƙaci littafi ba. A gidanmu akwai tsohuwar jakar fata da aka ce da ita kakan mahaifina ya baro gida, kuma bai ga Ka'aba ba, ɗansa ma bai gani ba. Wanda ya fara taka Jidda a zuriyarmu shi ne mai wayar nan, shi ma neman aiki ya kai shi.

Ba na cewa Yuji Horii ya san da mu. Ina zai sani? Amma ya gina wasa a kan mutumin da tatsuniya ba ta damu da shi ba, na tsakiya, wanda bai fara tafiyar ba kuma ba shi aka rubuta wa buɗe ƙofar ba. Ya gaji niyyar wani, ya ɗauki kayan wani, aikinsa kawai kada ya yar a hanya.

Kada a ɗauka duka wasan makoki ne. Akwai ban dariya da yawa, mafi yawa daga dodannin. Toriyama bai iya zana abin tsoro ba tare da ya saka masa wauta a fuska ba. Mafi shahara cikinsu, Slime, ɗigon ruwa ne shuɗi mai siffar albasa, kullum baki a washe. Wani lokaci ka gama lakaɗa wa dodo duka sai ya miƙe ya tsaya yana kallonka, yana so ya bi ka. In ka yarda sai ya shiga keken dokinka, irin karon nan namu amma mai rumfa, ya zama ɗan gida, ka saya masa sulke. Wannan fa shekara uku da 'yan watanni kafin Pokémon ya fito a 1996. Ayarina ya ƙare da wani mahayin da ke sukuwa a kan Slime kore, da wata rubabbiyar gawa mai biyayya, da damisa. Damisar nan da labarinta. Tun kana yaro ka ƙwace ta daga hannun yaran da ke azabtar da ita. Bayan shekarun bauta, wasu manoma suka yi hayarka ka kashe musu dabbar da ke ɓarnar gona, ka bi sawu har kogo, sai ga ta, ta girma ta zama ta daji. Ƙyallen ɗaure gashin wata ƙawarka ta yarinta ka nuna mata kafin ta gane ka. A bayanta kuma takobin da mahaifinka yake yaƙi da shi ne take gadi duk shekarun nan. Manoman suka ce ai dama bakinku ɗaya, ka cuce su. Wannan ya yi min daidai da halin mutane.

Akwai abin da ya gundure ni, kuma ba zan ɓoye ba. Taku goma dodo, taku goma dodo, har ka manta abin da ya fito da kai. Wani dare cur na yi ina zagaye a bakin gari ina kashe ƙananan dodanni don in tara kuɗin garkuwa, aikin da bai da maraba da cirar riɗi sai dai ba ciwon baya. Turancin ma wahala ne. Masu fassara sun ba kowane yanki karin harshensa, wannan yana magana kamar ɗan Sifen, wancan kamar ɗan Rasha, wata kamar 'yar ƙauyen Ingila, duk an karkace rubutun. Ga wanda ya koyi Turancinsa a makarantar Sudan, sai ya karanta jimla sau uku. Babu Larabci, balle Hausa. Sau da yawa da hasashe na wuce.

Sai maganar da na san wasu za su tambaya. A coci ake adana wasan, wurin limaminsu, kuma in an kashe abokin tafiyarka sai akwatin gawarsa ya riƙa binka har ka biya a tashe shi. Akwai wata allahiya da suke ambato, akwai gidan caca a wani birni. Ƙanena da ya gani ya ce, "Yaya, wannan ba matsala?" Na ce masa addinin cikin wasan ƙagagge ne kamar dodanninsa, Japanawan da suka yi shi aron kayan ado suka yi daga Turai, amma gidan cacar ba dole ba ne, kuma ni ban ga dalilin da zai sa yaro ƙarami ya zauna a ciki ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, ba a rasa abin yi ba.

Batun aure shi ne abin da aka fi sanin wasan da shi. Wani attajiri ya sa sharaɗi a kan 'yarsa Nera, ka cika, sai ga Bianca, ƙawar yarintarka, ta sake ɓullowa. Aka ba ka dare ɗaya ka yi tunani. Kana iya fita ka zaga gari kowa na barci, ka tarar da Bianca tsaye a taga ita ma ta kasa runtsawa. A fitowar DS an ƙara ta uku, Debora, mai baki kamar reza. Na zaɓi Bianca ba tare da dogon nazari ba, don wasan ya riga ya karkata zuciyar mutum wajenta, kuma wannan rauni ne: Nera ba a ba ta isasshen wuri ba, sai ta zama kamar 'yar da aka yi wa baiko da baƙo. Ban da haka, a ce mata uku sun jeru namiji yana nuna wadda yake so, ko a Hawata sai iyaye mata sun yi magana.

Amma abin da ya biyo bayan auren ya wanke laifin. Ka gano mahaifinka sarki ne da ya bar gadonsa ya shiga duniya, aka naɗa ka, matarka ta haifi tagwaye, mace da namiji. A daren bikin naɗin aka sace ta. Ka bi sawu, ka same ta, sai aka mayar da ku duwatsu ku biyun. Wasu 'yan tsintuwa suka kwashe ku, aka yi gwanjonka, wani mai kuɗi ya saye ka ya kafa a lambunsa don ado. Daga nan wasan ya karɓe komai daga hannunka. Kana tsaye, damina ta wuce, rani ya wuce. Ɗan mai gidan, jariri, ya fara rarrafe a gabanka, ya fara tafiya, iyayensa suna murna, kai kuwa naka 'ya'yan suna can suna girma ba ka gani. Rannan dodanni suka sauko suka sure yaron a kan idonka. Uban ya huce haushinsa a kanka, ya tunkuɗe ka ƙasa, ka ci gaba da kwanciya a cikin ciyawa. Shekara takwas. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to wannan shi ne dutsen.

Na kai wannan wuri ne a lokacin da jihar Gadarif ke cika da baƙi. Madani ta faɗi tun Disambar 2023, kuma a ƙarshen Yunin 2024 da aka shiga Sinja, mutanen Sinnar da Dindir suka kwararo gabas cikin damina, a kan wannan laka tamu da ke riƙe tayar mota kamar ƙaro. Na ga magidanta zaune a inuwar makaranta, masu sana'a da mutunci a garuruwansu, ba abin da za su iya yi sai kallo. Ba zan haɗa wahalarsu da wasan waya ba, Allah ya kiyaye. Abin da zan ce kawai, da na sake buga wurin a karo na biyu bayan na gan su, ban iya kallon gunkin nan da ke kwance a ciyawa ba, sai na kife wayar har kiɗan ya canja.

Waɗanda suka zo suka tashe ka su ne tsohon baran mahaifinka, Sancho, da yara biyu 'yan shekara takwas. Yarinyar ce ta ɗaga sanda ta karya sihirin. Yaron kuwa, da ka duba kayansa, takobin nan yana rataye a jikinsa, ya zauna masa daram. Jarumin da kakansa ya mutu yana nema, wanda ubansa ya yi bauta ya yi yawo yana cigiya, ashe ba a haife shi ba tukuna, kuma ta wajen uwarsa ya gaji jinin. Na yi dariya ni kaɗai cikin dare har kakata ta yi gyaran murya daga ɗaki. Daga nan har ƙarshe kai ne ke gaba, yaran suna biye, kuma na lura da kaina ina yin abin da Pankraz ya yi: ko ƙwarzane ɗana ya ji sai na tsaya na warkar da shi, alhali ya kusa fi na ƙarfi.

Akwai wani ɗan wuri da na fi so a kan duk yaƙe-yaƙen ƙarshe. Tun a farkon wasa, kana yaro a ƙauye, ka gamu da wani baƙo mai rawani irin naka a kusa da coci, ya roƙi ka nuna masa wata ƙwallon zinariya da ka tsinta, ya duba ya mayar maka, ya ba ka 'yar nasiha. Na manta da shi sarai. Sai can kusa da ƙarshe, buƙata ta sa aka mayar da kai baya cikin zamani, ka shiga ƙauyen nan tun ba a ƙone shi ba, ka ga wani ɗan yaro da ɗan damisa yana wasa. Kai ne baƙon. Ka san abin da ke jiransa, shekara goma na dutse, shekara takwas na zama dutse, kuma ba a ba ka ikon canja komai ba sai musanya ƙwallon. Gidanku yana nan a buɗe. Na hau bene na tarar da Pankraz da ransa, ya dube ni kamar yadda ake duban baƙo mai mutunci. Ana iya yi masa gargaɗi kada ya yi tafiyar da za ta kashe shi, na kuma yi, ya saurara, bai ɗauka ba.

Na daɗe a ɗakin. Na fita na sake shiga, na sake yi masa magana, ya maimaita abin da ya faɗa. Cajin wayar ya nuna saura kashi huɗu, masu sola kuma ba sa buɗewa sai rana ta ɗaga, amma na ƙi zuwa coci in adana. Ina tsaye a gabansa har fuskar wayar ta yi baƙi.